Iyakar boltej wajen ƙara wa katin hoto gudu: a ina ya kamata a tsaya?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan iyakar boltej, kuma ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka su yi mini bayani dalla-dalla, domin abubuwan da na karanta nan da can sun ƙara rikita ni ne maimakon su warware mini.

Katina RTX 3070 ne, wanda aka tsara ya ci wat 220, kuma sandar da ake ja a manhaja don saita iyakar wat ɗinsa tana barina in kai shi kusan 240. Na yi amfani da manhajar MSI Afterburner na ƙara wa ƙwaƙwalwar katin (wato GPU, sashen da ke lissafin hoto, ba memori ba) megahaz 120 a kan gudun da ya zo da shi, ya kuwa zauna lafiya a duk wasannin da na gwada. Da na kai ƙarin zuwa 150, sai wasa ya riƙa rufe kansa bayan minti goma ko sha biyar. Na ɗauka wuta ce ta yi masa kaɗan, saboda haka na shiga saitunan manhajar na buɗe sandar boltej, na ja ta har ƙarshe, inda take nuna 100. Abin da ya biyo baya shi ne ya ɗaure mini kai. A farkon gwaji boltej yakan haura ya taɓa wajen bolt 1.09, amma cikin 'yan sakanni sai ya sauko kusa da 1.0 ya riƙa hawa da sauka, gudun ma yana binsa. Makin da nake samu a Time Spy, gwajin auna ƙarfin katin hoto, bai ƙaru ba, har ma ya ɗan ragu, zafi ya tashi daga digiri 68 zuwa 74, sannan rufewar da wasa yake yi a kan 150 tana nan yadda take.

Tambayoyina uku ne. Shin akwai wani adadi na boltej da za a ce shi ne iyakar aminci, wanda duk wanda ya wuce shi ya sa katinsa cikin haɗari? Na ga tsofaffin rubuce-rubuce inda mutane ke ambaton bolt 1.25 har da 1.3 kamar ba komai ba, alhali nawa ko 1.1 ya ƙi riƙewa. Me ya sa katin yake ƙin zama a kan boltej ɗin da na ba shi? Sannan an ba ni shawarar in ɗora masa BIOS (wato manhajar da ke cikin katin kansa, mai riƙe da iyakokinsa) na wani kati mai iyakar wat mafi girma. Shin wannan zai buɗe mini boltej ɗin, ko kuwa wahalar banza zan yi?

Mai Awo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka kawo alƙalumanka a fili, domin amsar tambayarka ta biyu tana cikinsu, kuma da ita zan fara tunda sauran duk a kanta suka rataya.

Sandar da ka ja ba ta zuba wa katin ƙarin wuta kai tsaye, kuma 100 ɗin da take nunawa ba ya nufin an ninka boltej. Tun daga katunan GTX 10 da suka fito a 2016, kowane katin NVIDIA yana ɗauke da jadawali a cikinsa wanda ya haɗa kowane matakin boltej da gudun da ya dace da shi, kuma katin ne da kansa yake zaɓar matakin da zai tsaya a kai, sau da yawa a cikin sakan guda. Akwai 'yan matakai a can saman jadawalin waɗanda aka rufe, sandar kuwa izini kawai take bayarwa a taka su idan hali ya yi. A katunan GTX 10 matakin ƙarshe shi ne bolt 1.093, a dangin katinka kuma wajen 1.1 ne. Ko ka ja sandar sau ɗari ba za ta wuce nan ba.

Kalmar "idan hali ya yi" ita ce inda gizo ke saƙar. Iyakoki uku ne suke tsare katin a lokaci guda, na wat da na zafi da na boltej, kuma duk wadda aka fara cin karo da ita, ita ce mai hukunci. Ka buɗe manhajar GPU-Z, ka shiga shafin na'urorin awo, ka duba layin da aka rubuta PerfCap Reason yayin da gwaji ke gudana. Idan ka ga Pwr, iyakar wat ce ta riƙe ka. Thrm zafi ne. VRel da VOp su ne na boltej. Ba na shakkar cewa Pwr za ka gani kusan daga farko har ƙarshe, domin hawa da saukar da ka kwatanta alamarta ke nan. Katin ya taka matakin sama, ya ga ya zarce wat 240, ya ja baya da sauri, sannan ya sake gwadawa.

Dalilin da ya sa hakan ke faruwa da wuri lissafi ne mai sauƙi. Wutar da tiransistoci ke ci wajen kunnawa da kashewa tana ƙaruwa daidai da gudu, amma ta fuskar boltej da murabba'insa take ƙaruwa, wato boltej sau boltej. Idan aka tashi daga bolt 1.050 zuwa 1.093, ƙarin kashi 4 ne cikin 100 a boltej, amma a wat ya kai kashi 8 da ɗoriya tun kafin a lissafa ƙarin gudun kansa. Abin da ake samu a madadin haka yawanci mataki ɗaya ne ko biyu na megahaz 15, wato ƙasa da kashi 1 zuwa 1 da rabi cikin 100 ga katin da ke gudu kusa da megahaz 2000. Ka ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Idan aka faɗaɗa tazarar, abin ya fi fitowa fili: daga bolt 0.900 zuwa 1.050 ana ƙara kusan kashi 36 cikin 100 na wutar da ƙwaƙwalwar ke ci, alhali bambancin gudu tsakanin matakan biyu da wuya ya kai kashi 10. Ga kuma zafi da ya shigo ciki, domin katin yana rage megahaz 15 a duk lokacin da zafinsa ya tsallake wasu matakai, tun kafin ya kusanci digiri 83 da aka saba sa masa a matsayin iyaka. Digiri shida da ka ƙara na iya cinye ɗan abin da boltej ya ba ka, kuma ina zaton nan makinka ya zube.

Saura batun rufewar wasa a kan 150, wanda mutane da yawa ke yi wa gurguwar fahimta. Lokacin da ka rubuta 150 a sandar gudu, jadawalin gaba ɗaya ka ɗaga, daga matakin ƙasa har na sama. Ma'ana, a bolt 0.95 ma an ɗora wa katin ƙarin 150, a 1.0 ma haka, a sababbin matakan da ka buɗe ma haka. Buɗe saman jadawali bai ƙara wa matakan tsakiya komai ba, kuma tunda iyakar wat tana mayar da kai tsakiyar, a can katin yake tuntuɓe. Ƙarin boltej yana gyara rashin daidaito ne idan an riƙe gudu a wuri ɗaya aka ƙara masa wuta. Kai kuwa gudu da wuta tare suke tafiya a saitinka.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka mayar da sandar boltej sifiri, ka danna Ctrl da F a cikin Afterburner domin jadawalin ya bayyana a matsayin layi mai ɗigo-ɗigo. Ka zaɓi ɗigon bolt 0.925 ko 0.900, ka ɗaga shi zuwa gudun da kake so, misali megahaz 1900 don farawa, sannan ka daidaita duk ɗigon da ke damansa su kwanta a layi ɗaya da shi, yadda katin ba zai ga amfanin hawa sama ba. Daga nan sai ka riƙa ƙara 15 kana gwadawa har ka ga inda ya fara gardama, ka koma baya mataki biyu. Ka lura cewa layin yana ɗan motsawa da zafin katin, saboda haka ka riƙa gyara shi a yanayi iri ɗaya, kar yau kati na sanyi gobe yana da zafi. Ban ba ka adadin da zai yi maka aiki ba domin ba ni da shi. Kati biyu masu suna ɗaya, daga layin ƙira ɗaya, kowanne da kiwon da ya karɓe shi.

Game da tambayarka ta farko, ra'ayina a taƙaice shi ne duk abin da manhaja ta bar ka ka yi a kan BIOS na asali yana cikin da'irar da masu ƙira suka yarda da ita, ba zai ƙona maka kati ba.

Tsohon Hannu ya rubuta:

Malam Mai Awo ya gama da sashen lissafi, ni kuma bari in taɓa alƙaluman nan na 1.25 da 1.3 da suka tsole wa ƙanenmu ido, domin a zamaninsu na fara wannan harka.

Waɗannan alƙaluma gaskiya ne, sai dai na wasu katuna ne da aka ƙera da tiransistoci masu girma. Katunan GTX 600 zuwa GTX 900 a kan fasahar nanomita 28 aka yi su, GTX 10 ta sauko 16, katinka kuma na nanomita 8 ne na kamfanin Samsung. Duk lokacin da tiransista ya ƙanƙance, shingen da ke cikinsa yana sirancewa, boltej ɗin da zai iya ɗauka na tsawon shekaru yana raguwa. Saboda haka babu adadi guda da za a kira iyakar aminci ga kowane kati. Ko a zamani ɗaya ma kamfanoni sun bambanta: RX 5700 XT na AMD yana kai wa bolt 1.2 daga masana'anta ba tare da kowa ya taɓa shi ba, RX 6800 XT kuma 1.15 ne iyakarsa. Wanda ya ɗauki adadin wani kati ya auna nasa da shi, ya ɗauki ma'aunin da ba nasa ba.

Kullewar da kake kuka da ita tana da tarihi. A 2011 aka fitar da GTX 590, kati mai ƙwaƙwalwa biyu a kan allo ɗaya, kuma wasu daga cikin masu gwaji da suka ƙara masa boltej sun ga sassan da ke sarrafa wutarsa sun ƙone a gabansu. Da GTX 680 ya fito a 2012, an tsayar da shi a bolt 1.175, aka kuma matsa wa kamfanonin da ke haɗa katuna lamba kada su sayar da abin da zai wuce nan, har EVGA ta cire mahaɗin na'urarta ta EVBot daga GTX 680 Classified. Duk da haka mun ci gaba da gyara BIOS da hannu har zuwa zamanin GTX 980 Ti, kuma daga nan ne yawancin alƙaluman da ka gani suka fito. Tun daga GTX 10 aka sa wa BIOS hatimin tantancewa, gyaran hannu ya zama abu mai wuya ƙwarai.

Abin lura a labarin GTX 590 shi ne abin da ya ƙone. Mutane suna tsoron ƙwaƙwalwar katin, amma sau da yawa sashen da ake kira VRM ne yake fara sarewa. Aikinsa shi ne ya karɓi bolt 12 daga akwatin wutar kwamfuta ya sauko da shi zuwa wajen bolt 1, kuma idan boltej ya sauko haka, yawan wutar da ke gudana sai ya haura: wat 200 a kan bolt 1 amfiya 200 ke nan, suna ratsa wasu 'yan ƙananan sassa da ba su kai farcen yatsa ba. An lissafa yawan waɗannan sassa da sanyayarsu a kan iyakar wat da aka rubuta a BIOS na wannan katin, ba na wani ba.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta uku. BIOS na wani kati daga dangi ɗaya zai iya ɗaga maka iyakar wat, amma rufin boltej yana nan inda yake, domin duk dangin rufi ɗaya gare su. Abin da za ka samu shi ne damar zama a matakan sama na tsawon lokaci, wato ɗan kashin nan da bai wuce 1 da rabi cikin 100 ba da aka lissafa maka a sama. Abin da za ka saka a caca kuwa ya fi haka yawa. Ramin da ake soka kati a babban allon cikin kwamfuta (motherboard) wat 75 aka ƙayyade masa, mahaɗi mai fil 6 wat 75, mai fil 8 wat 150, kuma BIOS yana raba nauyi ne bisa mahaɗan katin da aka rubuta shi dominsa. Idan ka ɗora na kati mai mahaɗi biyu a kan mai mahaɗi ɗaya, ko na katin da tsarin awonsa ya bambanta, alƙaluman wat da za ka riƙa gani ba abin dogaro ba ne, fanka na iya canza hali, wata kafar allo na iya daina fitar da hoto, garanti kuma ka yi masa sallama. Idan katinka ba shi da makunnin BIOS biyu, kuskure ɗaya ya isa ya bar ka da baƙin allo.

Akwai mataki na gaba da wannan, wanda zan ambata don kar wani ya zo ya kwaɗaita maka shi. Katin yana auna wutar da yake ci ta wasu ƙananan resistoci, yawanci masu miliyom 5, kuma idan aka rage ƙarfinsu sai ya riƙa ganin kamar rabin abin da yake ci yake ci. Na taɓa yin wannan da ruwan ƙarfe mai sinadarin galiyom a kan wani tsohon katina, ba tare da na san cewa galiyom yana cin dalmar da ta riƙe resistan ba. Bayan wasu watanni resistan ya saki, katin ya tafi ke nan. Laifina ne ni kaɗai, kuma abin da na samu kafin nan bai wuce firam uku ko huɗu a sakan ba. Masu gasar kafa tarihi da ke zuba boltej mai yawa suna yi ne da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, na 'yan mintuna, a kan katunan da suka riga suka yafe.

Malamar Fizik ta rubuta:

Na yarda da kusan duk abin da malamai biyu suka faɗa, amma ina so in yi wa jimlar ƙarshe ta Malam Mai Awo gyara, domin cewa abu ba zai ƙona kati ba dabam yake da cewa ba ya rage masa komai.

Kowace ƙwaƙwalwar lantarki tana tsufa tun daga ranar da aka fara kunna ta, kuma hanyoyin tsufan sanannu ne. Ta farko ita ce ƙaurar ƙwayoyin ƙarfe a cikin siraran wayoyin da ke haɗa tiransistoci: wutar da ke gudana tana tura su sannu a hankali, har wani wuri ya sirance wani ya taru. Tun a 1969 injiniya James Black ya fitar da lissafin da ke nuna cewa tsawon ran irin wannan waya yana raguwa da yawan wutar da ke ratsa ta, kuma yana raguwa da sauri ƙwarai idan zafi ya ƙaru. Ta biyu ita ce lalacewar siririn shingen da ke ƙofar tiransista, wanda boltej ke matsa wa kai tsaye. Ta uku ita ce yadda tiransista ke ƙara nauyin tashi da daɗewa a ƙarƙashin boltej da zafi, har ya zama yana buƙatar wuta fiye da da kafin ya yi aikin da ya saba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da wani layi wanda a ƙasansa babu lalacewa sam. Gangara ce, kuma boltej da zafi su ne ke ƙara mata santsi.

Masu ƙira sun san da haka, shi ya sa sunan VRel da aka ambata ya samo asali daga kalmar dogaro, wato boltej ɗin da suka lissafa cewa katin zai kai shekarun da aka tsara masa a kai. Lokacin da NVIDIA ta fara ba da izinin wuce wannan mataki a 2013, tare da GTX Titan, sai da aka sa mai amfani ya amince da gargaɗin cewa hakan na iya rage wa katin tsawon rai. Saboda haka matakan da sandar ke buɗewa an yarda da su, amma ba kyauta ba ne. Ga wanda ke wasa awa biyu ko uku a rana kuma zafin katinsa bai wuce digiri 70 ba, ina ganin zai canza katin don ya tsufa a fasaha tun kafin ya ga illar. Ga wanda katinsa ke aiki dare da rana a cikin akwati mai zafi, lissafin ya canza.

Akwai kuma wutar da ke zurarewa ta cikin tiransistoci ko da ba sa aiki, wadda lissafin murabba'i bai ƙunsa ba. Tana ƙaruwa da boltej, tana ƙaruwa da zafi, ita kuma tana haifar da zafi, saboda haka kati mai zafi yana cin wat fiye da mai sanyi a kan gudu ɗaya da boltej ɗaya. Wannan ne ya sa gyaran iskar akwati ko sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya yakan ba da gudun da sandar boltej ta kasa bayarwa.

Abu biyu nake so ɗan'uwa ya kiyaye wajen karanta alƙaluma. Boltej ɗin da manhaja ke nunawa galibi wanda aka nema ne daga VRM, ba wanda ya isa cikin ƙwaƙwalwar ba. Idan nauyi ya hau, abin da ke isa yakan ɗan ragu, idan nauyi ya sauka farat ɗaya kuma yakan yi tsalle na ɗan ƙanƙanin lokacin da manhaja ba ta iya kamawa. Na biyu, digiri 74 da ka ambata ba shi ne wuri mafi zafi a ƙwaƙwalwar ba. Ka duba layin Hot Spot a GPU-Z ko HWiNFO. Idan ya fi ɗayan da digiri 10 zuwa 15, wannan abin da aka saba gani ne. Idan tazarar ta kai 25 ko fiye, ni zan fara zargin man ko zaman ƙarfen sanyayar kafin in zargi komai. Kamfanin AMD ya bayyana a 2019 cewa digiri 110 a wannan ma'auni yana cikin ƙa'ida ga katunan RX 5700, amma kasancewar abu cikin ƙa'ida ba ya sa in so katina ya kwana a can.

Alamar tsufa ta gaskiya ita ce saitin da ya zauna lafiya bara ya fara faɗuwa bana. Sai dai kafin a yanke wannan hukunci a share ƙura, a duba man, a tuna ko an sabunta direba (manhajar da ke tafiyar da katin) ko an koma wani wasa mai nauyi, domin waɗannan sun fi yawan zama sanadi nesa ba kusa ba.

Ɗan Koyo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, malamaina. Na duba GPU-Z kamar yadda aka ce, kuma Pwr ne ya cika layin, VRel bai bayyana ba sai a sakannin farko da kuma lokacin da hoto ke sauyawa. Na mayar da sandar boltej sifiri, na bi hanyar jadawali. A bolt 0.925 katin ya karɓi megahaz 1950, a 1980 ya faɗi, 1965 kuma ya wuce gwaji sau biyu ya faɗi a na uku, don haka na tsaya a 1935 bisa shawarar komawa baya mataki biyu. Yanzu gudun ba ya motsi ko kaɗan, wat yana yawo tsakanin 185 da 200, zafi digiri 64, tazarar Hot Spot digiri 12, makin Time Spy kuma ya ɗan fi wanda nake samu da ƙarin 120. Maganar BIOS na ajiye ta gaba ɗaya bayan labarin Malam Tsohon Hannu.

Tambaya ɗaya ta rage mini. Tunda yanzu ina da rarar wat, na ƙara wa memorin katin gudu. Har zuwa ƙarin 900 maki yana hawa, a 1100 ya tsaya, a 1300 kuma ya ragu, amma ban ga ɗigo ko walƙiya a allo ba, wasa bai rufe ba. Shin memorin ne yake neman ƙarin boltej, kuma akwai inda ake ba shi?

Mai Awo ya rubuta:

Da farko na karɓi gyaran Malama. Abin da ya kamata in ce shi ne ba zai ƙone nan take ba.

Memorin katinka GDDR6 ne, yana da hanyar wutarsa dabam a kan bolt 1.35, kuma sandar da ke Afterburner ba ta taɓa shi a irin katinka. Raguwar makin da ka gani ita ce amsar. Hanyar da ke tsakanin memori da ƙwaƙwalwa tana da tsarin gano kuskure, kuma idan saƙo ya iso a gurɓace sai a sake tura shi, saboda haka kurakuran farko ba sa fitowa a allo, lokaci kawai suke ci. Wurin da maki ya daina hawa shi ne iyakarka ta gaskiya, ba wurin da hoto ya fara lalacewa ba. Ni a matsayinka zan tsaya a 800, domin memori yana ƙara kuskure idan ya yi zafi, kuma gwajin minti biyar ba ya dumama shi kamar wasan awa uku.

Kar kuma ka ɗauki 1935 a matsayin abin da ya tabbata tukuna. FurMark, manhajar gwaji mai ɗora wa kati nauyi sosai, ba zai taimake ka a nan ba, domin nauyinsa yana tura kati ga iyakar wat ya sauko ƙasa da ɗigon da kake son gwadawa. Wasanni masu bin hasken fitila ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke amfani da sassan RT, su ne suka fi tona asirin saitin da ke bakin gaɓa, sai kuma wasanni marasa nauyi inda katin ke yawan sauya mataki. Idan allo ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, wannan Windows ce ta jira direba sakan biyu bai amsa ba ta sake tayar da shi. Ka lissafa shi a matsayin faɗuwa, ka rage 15. Ka ajiye saitin a ɗaya daga cikin gurabun manhajar guda biyar, amma kar ka kunna zaɓin ɗora shi da tashin kwamfuta sai ka yi mako guda kana wasa da shi ba tare da matsala ba. Sannan ka gwada ɗigon 0.900 a gurbi na biyu, ka kawo mana alƙaluman wat da maki na biyun mu kwatanta.